Gwiwar Hagu

"Ba za ta yi gudu gobe ba," in ji mai binciken raunukan 'yan tsere.

Kocin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Haba Likita! Yarinyar da ko ɗingishi ba ta yi?"

Ta sake kunna masa bidiyon gudun yarinyar a hankali. Tun safe take maimaita shi, ta zauna ta tashi, har shayinta ya huce. Duk sanda ƙafar hagu ta dira, sai gwiwar ta karkata ciki. Shekara goma tana nazarin irin wannan karkatar. Jijiya takan tsinke bayan haka, amma ba kullum ba.

'Yar tseren ta sauko daga gadon gwaji, idonta jawur. "Anti, shekara huɗu nake jiran gobe. Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba," ta ce, ta sa hannu a takardar dakatarwa.

Wata daban ce ta ci kofin. Yarinyar ta yi wata shida ana gyara mata taku, ba ta ƙara gaishe da mai binciken ba. Mai binciken ta samu ƙarin girma, amma hankalinta bai kwanta ba. Raunin da bai faru ba, wa zai ba da shaidarsa?

Bayan shekara tara aka ƙwanƙwasa ƙofarta. 'Yar tseren ce, riƙe da hannun ƙanwarta mai sabon takalmin gudu.

"Har yau ban huce ba, Anti," ta ce. "Amma duba mini gwiwarta. Ban yarda da idon kowa ba sai naki."