Wafal ɗin Mama

Wendell ya kankare kwaɓin da ya ƙone, ya zuba a shara. Tun rasuwar matarsa Marcy, duk Lahadi sai ya fere kabewa ya niƙa da hannunsa don yin wafal, wata irin wainar Turawa da Marcy ta saba yi musu, amma 'yarsu Tess ba ta cin wafal ɗinsa.

"Baba, na Mama ba haka yake ba."

Yau dai ya gaji. Ya faki idonta ya kwaɓa haɗaɗɗen garin wafal na kanti, mai zuwa a kwali. Tess ta cinye tas.

"Ashe ka iya, kake ta wahalar da mu!"

Kunya ta kama shi. Ya lallaɓa gareji zai cusa kwalin a bayan firji.

Kwalin ya ƙi shiga. Wurin cike yake da irinsa, an ninke su tsaf, duk sun yi ƙura. Ashe a nan Marcy take ɓoye nata.