Kwafi Ɗaya, Gyara Ɗaya

Wayar ta yi ƙara tana tsaka da jera kwalaben maganin tari a kan kantar kantin magani. Ba ta yi saurin dubawa ba. Ta san saƙon: an sayi littafinta, kwafi ɗaya. Ta kuma san mai sayen.

Ranar da ta ɗora littafin a shafin kamfanin nan da ba ya bugawa sai an saya, ji ta yi kamar ta tsinci dami a kala. Babu roƙon mawallafi, babu tara kwalaye a ƙarƙashin gado. Mutum ya biya, inji ya buga guda ɗaya, a aika masa har gida. In ta ga kuskure ta gyara a kwamfuta, kwafi na gaba ya fito da gyaran. Abin da ba a gaya mata ba shi ne, bugawa kawai injin ya iya, talla kuwa nata ne.

Ta yi tallar har bakinta ya gaji. Ta ɗauki hoton bangon kusa da kofin shayi, ta sake ɗauka kusa da taga, ta tura wa 'yan ajinsu da dangin miji. Kowa ya ce Allah ya sa albarka, kowa kuma ya zauna jiran kyauta. Kwafin da ta ajiye a kantin maganin da take aiki har ya koɗe, masu sayen magani sun mai da shi wurin ɗora makulli.

Labarin wani saurayi ne da ya yi faɗa da mahaifinsa ya bar gida, ya bar uwa da ƙanwa. A babin ƙarshe motar da ya shiga ta kife a wata doguwar hanya. Ta daɗe tana juya ƙarshen nan kafin ta kashe shi. Gajiya ce ta sa, labari dole ya tsaya a wani wuri.

Mai saye ɗaya tak ta samu, kuma ya zame mata ƙarfen ƙafa. Kamfanin ba ya faɗin sunan masu saye, shi ma bai taɓa faɗa ba. Sai ya sayi kwafi, ya karanta, ya zo ƙarƙashin littafin inda ake barin ra'ayi ya ajiye gyara ɗaya, ko sannu babu.

Na farko cewa ya yi wanda hannunsa ke cikin ɗori ba ya haura katanga, ta ƙofar baya saurayin ya fita. Ta duba, gaskiyarsa, da hannunta ta karya shi a babi na biyu ta manta. Ta gyara. Ya sake saye don ya ga ko ta gyara, ya ce kare ba ya yi wa ɗan gida haushi. Ta cire haushin. Ya sake saye, ya ce uban bai ɗaga hannu ba, yaron ne ya fara ɗaga murya.

"Ke fa ba ki da godiya," in ji mijinta, yana dariya. "Mutum ɗaya mai saye ya fi dubu masu addu'a. Da babu gara ba daɗi."

"Wallahi na gaji. Labarina ne ko nasa?"

Ranar hutunta takan je ta karanta wa mahaifiyarta, don idon Inna ya yi rauni. Inna na zaune a kujerarta ta kullum, wadda ke fuskantar ƙofar gida, ba ta yarda a juya ta ko rana na dukanta. In an zo wurin da aka gyara sai ta gyaɗa kai ta ce wannan ya fi. Amma babin ƙarshe ba ta taɓa bari a shiga ba.

"Ya isa haka, Auta. Rufe."

Yau ma gyara ne ya biyo bayan sayen, bai ko jira kwafin ya isa hannunsa ba. Wai uwar ba ta sa wa ƙofa sakata ba bayan tafiyarsa, a sakaye kawai take barinta. Ta karanta a tsaye, ƙafafunta na zugi, wani dattijo na ƙwanƙwasa kantar kantin yana neman maganin ciwon baya. Ta sallame shi, ta zauna a kan kwali, ta ji ba ta da sauran ƙarfin buɗe kwamfuta.

Ta ba shi amsa, karo na farko. Ta ce ta gode da ciniki, amma haƙurinta ya ƙare, yau za ta sauke littafin daga shafin. In ya fi ta sanin labarin, ga fili ga mai doki, ya rubuta nasa.

Ta shiga shafin kamfanin, ta nemo wurin saukewa. Aka tambaye ta ko ta tabbata. Yatsanta na bisa gilashin, sai wayar ta sake ƙara. Bai taɓa rubutu sau biyu a rana ɗaya ba. Ta ja tsaki ta buɗe.

"Kada ki sauke. Saura gyara ɗaya, shi nake ta kewayewa na kasa faɗa. Motar ba ta kife ba, Auta, kunya ce ta hana ni dawowa. Inna tana nan da rai?"