Ƙodar Inna

Likitan ya ɗaga takardar gwajin jinin Malama ya daɗe yana dubawa. Shekara biyu ke nan cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke far wa mai ita, ta taɓa mata ƙoda, ta kumbura mata ƙafafu, ta raba ta da ajin da take koyarwa a Matameye. Duk wata uku sai ta hau mota zuwa Damagaram a auna kireyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, kuma kowane zuwa lambar hawa take yi.

"Malama, wannan karon ta sauka," in ji shi. "Maganin ya karɓe ki, ƙodarki na farfaɗowa."

Ta juya da murna wajen mahaifiyarta da ta rako ta. Sai ta ga tsohuwar tana kwance bakin zanenta, ta ciro wata takarda duk ta yamutse.

"Likita, to wannan fa? Nawa jinin ne, a ɓoye na sa aka gwada. Na ji ana ba mutum ƙoda."

Ya karanta, ya mayar mata da hannu biyu.

"Lafiyarta ƙalau, Inna. Ki riƙe abarki."