Girgizar Babur ɗin Dramani

Kwana huɗu Dramani ya yi a Magazin, unguwar makanikai, yana fama da babur ɗinsa mai ƙafa uku. Kunya ta ishe shi: kullum ya ɗauko Inna Batulu mai nono daga Asokore Mampong, girgiza har haƙoranta na kaɗawa. Ya sa sifirin mota, ya ɗora matashin rimi, ya rage iskar taya.

Ran Asabar suka iso Zango sumul. Ya tsaya jiran albarka.

Inna ta leƙa goranta, ta ɗago a fusace.

"Ina man shanun?"

"Wane mai, Inna?"

"Kai, ɗan nan! Don kyan fuskarka nake hawa? Shekara guda babur ɗin nan ke kaɗa mini nono. Maza mayar da shi yadda yake!"