Hoton da ke Sama

A shagon Baba na gyaran rediyo a kasuwar Kontagora, hotunan 'yan damben boksin ajin masu nauyi ne manne a bango, daga gwani zuwa na ƙasa. Abokansa kullum suna musu kan na biyu da na uku, amma na sama ba mai taɓa shi.

Wata la'asar, ina 'yar shekara tara, na kai masa abinci, na tarar yana gwada wata talabijin. Sai aka nuno wani dattijo, hannuwansa na karkarwa, magana ma da ƙyar.

"Baba, wane ne wannan?"

Ya nuna hoton sama da sukudireba. "Shi ne."

"Me ya same shi?"

"Kan mutum ba ya manta naushi, 'yata. Ajiyewa yake yi."

Nan na tuna Baba ma ya daɗe yana dambe kafin ya auri Inna. Na dubi sukudirebar, bakinta na rawa kaɗan-kaɗan. Na damƙe hannunsa, ya yi dariya ya ce yunwa ce.

Yanzu ni nake riƙe masa kofin shayi. Har yau yunwa yake cewa.