Hannuwan Baba

Ina ƙarama, wata rana bayan la'asar na kai wa Baba fura a marina, nan Ƙofar Guga. Na tarar da wani Bajamushe mai zanen annabawa a majami'un ƙasarsu. Tafintansa ya ce fuskar Baba yake son zanawa.

Baba ya girgiza kai. "Malam, gaya masa ni marini ne, ba a yin annabi da fuskata. Ga hannuwa, in yana so."

Bajamushen ya zana su baƙaƙe ƙirin da shuni, ya miƙo mini takardar.

Tun da maigidana ya rasu hawaye ba su bar ni ba. In kukan ya ci ƙarfina, sai in ɗauko takardar in ɗora tafina kan na Baba. Allah ya saka wa baƙon nan da alheri.