Malamin Aro a Unguwar Ma'u

Khairiyya Muhammadu ba ta samu gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata ba. A jarrabawar shiga da aka yi bana a Kazaure, ta miƙa takardar Turanci babu komai a kanta sai sunanta. Shekarunta goma sha uku, kuma ita ce take zuwa ta ɗaya a aji shida na firamaren Unguwar Ma'u, wani ƙauye a yankin Gwiwa.

Mahaifinta, Muhammadu Lawal, manomi ne mai 'yan shanu. Bai yi boko ba, amma yana son 'yarsa ta yi. Duk safiya in ya koro shanu ta bayan makaranta, yakan ji yara suna rera darasin Turanci har bakin hanya: "Tic, tot, tot! Rait, rot, ritin! Rid, red, red!" Muryar Khairiyya ce take fin ta kowa. Sai ya sassauta tafiya, ya saurara, ya wuce ransa fari tas.

In baƙo ya zo gidan, ko ruwa bai gama sha ba Muhammadu zai ƙwala kira.

"Khairiyya! Zo ki yi wa kawunki Turanci."

Ta tsaya, ta harɗe hannu a ƙirji, ta zubo kalmomin ba tuntuɓe.

"Kai, Muhammadu, wannan ai sai gidan rediyo!" in ji baƙon. A yi dariya, a sa mata albarka.

Akwai abin da kowa ya sani a garin, ba a dai faɗa. Malamin Turancin da aka turo makarantar, Malam Musaddiƙ, yana Kazaure yana tsaron shagonsa na wayoyi. Wanda yake shiga aji a madadinsa Rilwanu ne, ɗan ƙanwarsa, wanda ya gama sakandare bai samu abin yi ba. Muhammadu yana cikin kwamitin iyaye, kuma bai taɓa tayar da maganar ba. Rilwanu yaro ne mai ladabi, ba ya fashi, ba ya duka. Sannan a gonakin gidan su Malam Musaddiƙ ne rabin garin suke sakin shanu bayan girbi.

Ranar jarrabawa Muhammadu da kansa ya ɗauki 'yarsa a babur. Da aka tashi, yara suka fito suna hayaniya. Khairiyya ta fito a ƙarshe, ta hau babur. Sai da suka bar kwalta ya tambaye ta.

"Yaya, an zuba musu Turancin?"

"Baba, na ga kalmomin," ta ce. "Rait yana nan, rid ma yana nan. Amma ban san abin da suke so in yi ba."

"Ba ki tambaya ba?"

"Na ɗaga hannu. Malamar ta zo ta yi mini bayani da Turanci."

Muhammadu ya ci gaba da tuƙi har gida.

Da sakamako ya fito, babu yaro ko ɗaya daga Unguwar Ma'u da ya ci. Muhammadu ya tarar da Rilwanu a gindin darbejiyar makaranta. Rilwanu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ɗana, tambaya ɗaya na zo da ita. Wannan tic tot tot da kuke yi, me yake nufi?"

Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Koyarwa ne, Baba. Ina jin dai koyarwa ne."

"Yaran sun san haka?"

"Ban taɓa gaya musu ba. Mu ma haka aka biya mana, muka haddace. Wallahi Baba, ni kaina Turancin ne ya kayar da ni a jarrabawa."

Muhammadu ya zo da faɗa a bakinsa, ya rasa wanda zai yi wa. Ranar kasuwa ya je Kazaure. Malam Musaddiƙ ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi kujera, ya aika a sayo lemo. Ya saurare shi har ƙarshe.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri, Malam Muhammadu," ya ce. "Amma shekara nawa yaron nan yana shiga aji? Ko sau ɗaya wani a cikinku ya ce bai yarda ba?"

Muhammadu ya ajiye lemon bai sha ba.

A gida, matarsa Saude ba ta raga masa ba. "Kai ne kake tara mata mutane tana rera musu. Ka taɓa cewa ta fassara maka ko kalma ɗaya?"

Bai taɓa ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan, domin tambayar ba ta buƙatar boko.

Yanzu hanya ɗaya ta rage wa Khairiyya: ta maimaita aji shida, ta sake gwadawa baɗi, a makarantar nan, a gaban malamin nan. Ta ce ba za ta koma ba. In baƙo ya zo, ɗaki take shigewa. Muhammadu kuwa ya canza wa shanunsa hanya.

Iyaye, ƙarar da ke fitowa daga aji ba ita ce shaidar ilimi ba. Ku tambayi yaranku ma'anar abin da suke haddacewa, ku san wanda yake koya musu, kuma kada kunya ko wata alfarma ta rufe muku baki.

Kwamitin iyayen Unguwar Ma'u ya zauna a kan maganar, kowa ya yarda a kai ƙara. Har yau ba a samu wanda zai kai ba, kuma Rilwanu yana nan yana shiga aji.